Yadda Manya Suka Cinye Shamuwa

Na tsufa a garin da ba nawa ba, kuma ban taɓa jin haushin hakan ba. Kuala Lumpur ta ci ƙuruciyata, ta ci baƙin gashina, ta koya wa 'ya'yana su amsa mini da Malayanci idan na yi musu Hausa, duk ban ce uffan ba. Abin da ya hana ni sakat a 'yan makonnin nan wata ƙungiyar ƙwallo ce, 'yar ƙarama, wadda ko hotonta ba a taɓa bugawa a jarida ba. Sunanta Shamuwa. Masu shirya gasar da muke bugawa sun yi mana gargaɗi cewa idan muka sake kasa cika mutum tara a fili, za su cire sunanta gaba ɗaya su ba wasu gurbin. Shugaban ƙungiyar ɗalibanmu na yanzu, wani Dakta mai son a kira shi da cikakken muƙaminsa, ya tako har gidana a unguwar Taman Melati, ya zauna a kujerar da na fi so, ya ce tunda ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka kafa ta, ni ya kamata in ceto ta. Na dube shi, na ji zuciyata ta kawo wuya, don shi ma ya san wanda ya kai ta bakin rami.

Lokacin da muka zo garin nan ba mu da yawa. Ɗalibai ne masu neman digiri na biyu da na uku, wasu sun baro iyali a gida, wasu sun jawo su, kowa kansa ya ɗau zafi da karatu. A cikinmu babu wanda ya taɓa ganin besbol ko a talabijin. Mu ƙwallon ƙafa muka sani, sai langa da muka yi muna yara. Wani ɗalibi ɗan Japan da muke bene ɗaya da shi a wajen Jalan Semarak, shi ya gaji da ganinmu muna zaman jugum ranar Asabar, ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin gadonsa, ya zazzage mana gora da ƙwallaye da safar hannu ta fata mai faɗin faifai. Da hannu da ƙafa ya koya mana, don Turancinsa da namu ba sa jituwa. Wasan dai ba shi da wuyar faɗa. Mutum ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya make ta da gora ya ruga, yana bin tashoshi uku har ya dawo inda ya tashi, a rubuta masa ci. Abokan karawa kuma suna warwatse a fili suna neman su tare shi. Idan ƙwallo ta tashi sama aka cafke ta kafin ta taɓa ƙasa, mai bugun ya fita, gudunsa ya tashi a banza. Da ɗan Japan ya gama karatu ya tafi, sai ya bar mana buhun, mu kuma muka je muka sa sunanmu a wata ƙaramar gasa da ma'aikatan kamfanoni da malaman makarantu da 'yan unguwanni ke bugawa. Muka kira kanmu Shamuwa, don mu baƙi ne, kuma duk ranar da muka fito sai an yi ruwa.

Har yau idan na rufe ido ina jin filin nan na bayan gidaje. Ina jin ƙarar gora idan ta sami ƙwallo a tsakiya, ƙwas, wadda ko ba ka ɗaga kai ba ka san ta yi nisa. Jirgin ƙasa yana wucewa ta sama a kan gadarsa, ana kiran la'asar a ƙaramin masallacin unguwa, tsawa kuma can nesa tana cewa mu hanzarta. Babu mai yi mana komai. Da sassafe muke zuwa da tsintsiyar kwakwa mu kore ruwan da ya kwanta, mu zuba farar ƙasa mu ja layi, mu tsince kwalabe. Buhun kaya a kafaɗa muke shiga bas da shi, Malayawa na kallonmu suna murmushi. Riguna a kasuwar Chow Kit muka sayo su, farare ƙal babu komai, matanmu suka zauna suka ɗinka tsuntsu a ƙirjin kowace, wani ya fito shamuwa sosai, wani kuwa kamar agwagwa mai ciwon wuya. Safar hannu idan ta bushe, da man shanun da aka aiko wa wani daga gida muke shafe ta, har 'yan wasu ƙungiyoyin suna cewa hancinsu ne ke fara gaya musu mun iso. Matan suna shimfiɗa tabarmi a gindin bishiya da zoɓo da waina, yara na rarrafe a tsakaninsu. Yanzu an yi riguna masu sheƙi, kowa da muƙaminsa rubuce a gadon baya, amma ka nemi wanda zai ɗauki tsintsiya ka rasa.

Shekarun farko kashi muka sha, ba ɗan kaɗan ba. Kowace ƙungiya idan ta ji da mu za ta kara, tun a gida take fara murna. Ba ƙarfi muka rasa ba, ba gudu ba. Tarbiyyarmu ce take kayar da mu, mu kuwa ba mu gane ba. Babbanmu a lokacin shi ne Malam Sabo, tsohon shugaban makarantar sakandare, wanda ya dawo karatu da furfura a gemu. Saboda girmansa shi ke fara bugu, sai mai bi masa a shekaru, haka har a gangaro kan ƙaramin cikinmu, Nafi'u, wanda ya fi kowa iya riƙe gora amma kullum sai ya zo a ƙarshe, lokacin da manya sun gama fita, babu kowa a tasha da zai kawo gida. Babu wanda ya ce a yi haka. Haka kawai muka tsinci kanmu, yadda ake jeruwa a gaban kwano ƙarami ya jira babba ya sa hannu.

Ranar da idonmu ya buɗe, da wata ƙungiyar ma'aikata 'yan Filifin muke karawa. A karon farko a rayuwarmu mu ne a gaba, da ci ɗaya, kuma an zo zagayen ƙarshe, saura mutum ɗaya mu fitar mu tashi da nasara. Matanmu sun miƙe tsaye daga kan tabarmi. Mai bugunsu ya make ƙwallo ta tashi sama sosai, irin wadda ko makaho zai cafke, ta nufi tsakanin Nafi'u da Malam Sabo. Nafi'u ya riga ya isa ƙarƙashinta ya buɗe safa. Sai ya hangi Malam yana tahowa da ɗan gudunsa na dattawa, nan take ya janye hannu, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Bismillah, Malam." Shi kuwa Malam Sabo, da ya ga yaro ya riga shi, ya ja birki ya ce, "A'a, bismillah dai." Ƙwallo ta faɗo tim a tsakaninsu, kan ciyawa, suka tsaya suna kallonta. Mutum biyu suka ruga suka shiga gida. 'Yan Filifin ɗin ma sun kasa yin murna sosai, suna ta tambayar juna ko wani ne ya ji ciwo.

Bayan wasa muka tafi kantin mamak, wato na Indiyawa Musulmi masu shayi da gurasa, inda muka saba zama. Aka kawo wa Malam Sabo shayinsa, bai ko dube shi ba. Ni ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

Ya ce, "Nafi'u, da wa ka zo yin wasa yau, da ni ko da su?"

Nafi'u ya yi ƙasa da kai ya ce, "Malam, ai da kunya in miƙa hannu kana wurin."

"Kunya? Kunyar ita ce matanmu su tashi da asuba su soya waina, su ɗauko goyo su shigo bas, su zo su kalli ƙattai biyu suna yi wa ƙwallo bismillah." Ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ku saurare ni. Girmana a gida nake barinsa, tare da babbar riga. Daga yau duk wanda ya tsallaka farin layin nan ba shi da shekaru. Wanda ƙwallo ta fi kusa da shi ya buɗe baki ya ce tawa ce, ko ubansa ne a gefensa. In an tashi, ku zo ku durƙusa ku gaishe ni, wannan kam ina so."

A wurin ya mayar da kansa na ƙarshe a bugu, ya sa Nafi'u a inda ya dace. Da aka sami wanda ya fi shi gudu, da kansa ya fita daga fili ya koma ɗaukar jarkar ruwa. Mutumin da ɗaruruwan yara suka riƙa miƙewa tsaye idan ya shigo aji, shi ne ke bin mu da kofi yana cewa mu sha kada mu faɗi.

Ba a rana ɗaya muka iya ba. Farkon lokacin da Nafi'u ya gwada cewa tawa ce a kusa da wani babba, muryar da ta fito ko sauro ba za ta kora ba, sai da Malam ya sa shi ya maimaita har maƙwabta suka leƙo ta taga. Amma da bakinmu ya buɗe, sai wasanmu ya buɗe. Muka fara cin ƙungiyar malaman makaranta da ta daɗe tana mai da mu abin dariya. Muka tashi daga ƙasan tebur muka dawo tsakiya, waɗanda ke murnar haɗuwa da mu suka fara tambayar wa zai yi mana jifa. Wata shekara muka kai wasan ƙarshe, muka kara da ma'aikatan wani kamfanin Japan, mutanen da suka tashi da gora a hannu, muka ci su ana yayyafi. Kofin bai fi buta ba, amma a jirgin ƙasa muka shigo da shi muna karɓa-karɓa, wata tsohuwa Bamalayiya ta ce a ba ta ita ma ta taɓa. 'Ya'yanmu da suka yi rarrafe a kan tabarmi suka taso suna buga wa makarantunsu. Malam Sabo ya gama karatu ya koma gida, can Allah ya yi masa rasuwa. Nafi'u ma ya koma. Wasu suka zo, wasu suka tafi, ni na sami koyarwa na zauna. Duk sabon da ya zo, kafin a ba shi safa sai an gaya masa dokar farin layi, kuma ita ta riƙe Shamuwa duk tsawon shekarun nan.

Sai muka yi yawa. Ƙungiyar ɗalibai ta girma, aka yi muƙamai fiye da mutane, aka ce Shamuwa ma ta dawo ƙarƙashinta don a tsara ta. Tsarin da aka yi kuwa shi ne, wanda ya fi muƙami shi ke fara bugu. Duk farfesan da ya zo hutun bincike da teɓarsa shi ne a gaba, sai Daktoci, sai masu jiran kare digiri, can ƙarshe in an sami gurbi a sa yaro ɗaya ko biyu. Samarin da aka haifa a nan, waɗanda suka iya wasan fiye da yadda muka taɓa iyawa, su ne ke zaune a benci ana miƙa musu waya su ɗauki hoton manya riƙe da gora. Na yi magana a taro, na ba da labarin Malam Sabo, aka saurare ni yadda ake sauraron tsoho, sannan Dakta ya ce, "Baba, mun gode, amma yanzu akwai protocol." Wallahi kalmar nan ta fi mari zafi. Mutanen da ba su taɓa share filin ba, ba su san warin man shanu a safa ba, su ne za su dawo mana da cutar da muka sha wuya kafin mu warke, kuma su kira ta tarbiyya. Ni na san tarbiyya. Na ga mai ita da idona yana ɗauke da jarka.

Cikin samarin akwai Mubarak, ɗan wani abokin aikina, haifaffen nan, yana digirinsa na farko. Hausarsa a karye take, amma ban taɓa haɗuwa da shi bai rusuna ba. A wani wasa da aka rasa yadda za a yi aka sa shi, ƙwallo ta tashi sama tsakaninsa da Dakta. Mubarak ya ɗaga murya ya ce tawa ce, har sau biyu, kowa ya ji. Dakta bai tsaya ba, don a ganinsa ba a yi yaron da zai dakatar da shi ba. Suka yi karo, Mubarak ya cafke ƙwallo, Dakta ya zauna daɓas a cikin taɓo, hularsa can gefe, tabarau can gefe. Yara suka yi dariya, kuma wani ya ɗauka a waya. Mun ci wasan, shi ne kaɗai muka ci a bana. Mako bai zagayo ba aka kira taro, aka ce yaro ya yi rashin kunya, an dakatar da shi sai ya zo gaban jama'a ya durƙusa ya ba da haƙuri. Sauran samarin suka tattara safarsu suka bi shi. Asabar ta gaba manya kaɗai suka zo, ba su cika tara ba, aka ba abokan karawa nasara ba a jefa ƙwallo ko ɗaya ba. Daga nan gargaɗin ya biyo baya.

Abin da Dakta ya zo nema a gidana ke nan. Ya san yaran suna jin maganata. Ya ce in je in sa Mubarak ya zo ya durƙusa, shi kuma zai yafe masa a gaban kowa, sauran su dawo, a cika tara. Na tambaye shi, in sun dawo wa zai fara bugu? Ya gyara zama ya ce, "To, Baba, wannan ai exco ne, shugabannin ƙungiya, za su duba." Na gane amsar.

Duk da haka na je. Ba zan ɓoye ba, ina son Shamuwa fiye da yadda ya kamata tsoho ya so abin wasa, kuma a hanya ina ta gaya wa kaina cewa durƙuso ɗaya ba ya kashe mutum. Na sami Mubarak a kantin mamak na kusa da tashar jirgi da yamma. Yana hango ni ya miƙe, ya karɓi lemata, ya jawo mini kujera, ya rusuna har ƙasa.

Ya ce, "Baba, ka makan tukuna? In sa a kawo maka roti?"

Wato ko na ci abinci, ko a kawo mini gurasa. Na ce shayi ya isa. Na gaya masa abin da ya kawo ni, ban rage komai ba. Ya juya cokali a cikin shayinsa.

"Baba, I called it. Sau biyu na ce tawa ce, yadda ka koya mana. Shi ne bai tsaya ba lah." Ya ajiye cokalin. "Na je gidansa washegari na gaishe shi, na ce sorry ya faɗi. Ya ce wannan bai isa ba, sai a gaban mutane in ce na yi laifi. Ban san laifin ba. Amma in kai ka ce in je in durƙusa, boleh, ba komai, zan je. Na san abin da team ɗin nan yake a wurinka."

Na dubi yaron nan. Ba tsoron Dakta yake ji ba, ni yake tausayi. Kalma ɗaya zan faɗa ya je ya zube a gaban mutane ya amsa laifin da bai yi ba, ƙannensa na kallo, su koyi cewa nan gaba idan ƙwallo ta taso tsakaninsu da mai muƙami, janye hannu ake yi. Sunan zai tsira a cikin gasa, rigunan masu sheƙi za su ci gaba da fita a hoto. Na ji haushin Dakta, na ji haushin duk wanda ya zauna a taron nan ya gyaɗa kai.

Na ce, "Mubarak, akwai ƙungiyar da ta neme ka?"

Ya ce 'yan Indunusiya sun yi masa magana, shi da abokansa, amma bai amsa ba.

Na ce, "Je ka amsa musu. Kada ka durƙusa. Ka gaya wa sauran ni na ce."

Ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu, don na san in ya ƙara kalma ɗaya hawaye za su zubo mini a gaban Indiyawa.

Ranar Asabar na saka tsohuwar rigata, wadda ba ta rufe mini ciki yanzu, na tafi fili. An yi ruwa da asuba, ya kwanta a wajen tasha ta biyu, ba wanda ya kore shi. Abokan karawa suna ta motsa jiki. A namu gefen manya ne tsaye cikin rigunansu masu sheƙi, biyu daga ciki suna gardama a kan wanda ya riga wani kare digiri, don a san mai bi wa Dakta a bugu. Alƙalin wasa, wani Basine mai haƙuri wanda ya san mu tun zamanin Malam Sabo, ya ƙara mana lokaci fiye da yadda doka ta ba shi. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya ƙirga mu da yatsa, ya sake ƙirgawa har da ni, ya girgiza kai, ya zo ya riƙe hannuna da hannu biyu, sannan ya juya ya ɗaga hannu, alamar an ba abokan karawa nasara, Shamuwa ta fita daga gasa.

Dakta ya taho da sauri, yana duba hanya ta bayana, ya ce, "Baba, ina yaran?"

Na ce, "Babu yara, Dakta. Manya ne kaɗai suka rage. Ga fili nan, ku shiga."